Mai Rumbu, Yaushe Rabonka Da Leƙa Ajiyarka?

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wata ziyara ce da na kai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Ikko, inda ƙanen wani abokina yake aikin kula da kwamfutoci. Ba aikin jarida ne ya kai ni ba, saƙo aka ba ni in kai masa. Amma da yake ɗan jarida ba ya rasa tambaya, da na hangi wani baƙin akwati a ƙarƙashin teburinsa yana ta gurnani, fitilunsa suna ƙyaftawa, sai na tambaye shi ko mene ne. Ya ce, "Yaya, ai wannan shi ne asibitin gaba ɗaya." Watau katin kowane majiyyaci, da rukunin jininsa, da maganin da jikinsa ba ya karɓa, da sakamakon gwaje-gwajensa, har da bashin da ake bin sa, duk suna cikin akwatin nan, a wani rumbun bayanai da ake kira MongoDB. Katin kwali kuwa an daina shi tun shekara huɗu da suka wuce.

Na ce masa, to, in akwatin ya ƙone fa? Ya yi murmushi, ya nuna mini wani ɗan faifai da aka jona da waya, ya ce kowane dare da ƙarfe biyu na'urar da kanta take zuba kwafin kome a ciki. Na ce, yaushe rabonka da buɗe shi? Sai ya yi shiru. Muka buɗe tare. Ga fayiloli nan a jere reras, kowane da kwanan watansa, amma na wata biyar na ƙarshe duk fanko ne, domin faifan ya cika tun tuni, ba kuwa wanda ya sani.

Yaron nan ba malalaci ba ne, ba kuma jahili ba ne. Kuskuren da ya yi, manyan kamfanonin duniya masu ɗaruruwan injiniyoyi sun yi irinsa, shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna shi a wannan fili.

Da farko bari mu san abin da ake magana a kai. Tsohon tsarin ajiye bayanai a kwamfuta kamar littafin rajista yake, mai layuka da gidaje, kowane mutum layi guda, kowane gida da abin da aka keɓe masa. Shi kuwa rumbu irin na MongoDB kamar kabad ɗin fayil yake. Kowane majiyyaci da ambulan ɗinsa, kuma ba tilas ba ne abin da ke cikin wannan ambulan ya yi daidai da na wancan. Mai ciwon suga ana iya ƙara masa shafin awon jininsa, mai juna biyu a ƙara mata na awon ciki, ba tare da an sake zana rajistar duka ba. Kowace takarda tana iya kai girman megabayit 16. Wani kamfani mai suna 10gen, wanda aka kafa a birnin New York na Amurka a 2007, shi ya fito da wannan manhaja a 2009, daga baya a 2013 kamfanin ya ɗauki sunan manhajar tasa. Sauƙinta ya sa matasa masu rubuta manhaja suka rungume ta, domin cikin rabin sa'a mutum yana iya girka ta a kan na'urar da ke yi wa sauran hidima, wadda ake kira uwar garke, ya fara zuba bayanai.

To, a cikin wannan sauƙin ne tsautsayi ya ɓuya. Shekara da shekaru, wanda ya sauko da manhajar ya kunna ta yadda ta zo, sau da yawa ƙofarta a buɗe take ga duniya baki ɗaya, ba ta kuma tambayar mai shigowa sunansa balle kalmar sirri. Lambar ƙofar sananniya ce, 27017, kuma akwai wani injin bincike mai suna Shodan da aikinsa ke nan, zagaya intanet yana rubuta na'urorin da ya tarar a buɗe. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan kam ba tsagewa bangon ya yi ba, ba a gina shi ba ne tun asali.

A ƙarshen Disamba na 2016 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Holan, Victor Gevers, ya lura da cewa wani yana shiga irin waɗannan rumbuna yana share abin da ke ciki, sa'an nan ya bar 'yar takarda yana neman kuɗin fansa, kashi ɗaya cikin biyar na Bitcoin guda, wanda a lokacin ya kama wajen dala 200. Kafin tsakiyar Janairu na 2017 rumbunan da aka yi wa wannan aika-aika sun haura 27,000, domin wasu ɓarayin sun ga ana cin kasuwa sun shigo. Har ta kai ɓarawo na biyu yakan share takardar ɓarawo na farko ya sa tasa, mai rumbu ya rasa ma wanda zai biya. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikinsu ba su kwashi kome sun ajiye ba, sharewa kawai suka yi. Wanda ya biya, ya yi asara biyu ke nan. A Yulin 2020 kuma aka yi wani harin da aka laƙaba wa suna Meow, watau kukan kyanwa, wanda ya lalata dubban rumbunan da aka bari a buɗe, shi ko fansar ma bai nema ba.

Masu manhajar sun ɗauki darasi. Daga fitowa ta 3.6, a ƙarshen 2017, ba ta sauraron kowa sai na'urar da take zaune a kanta, sai fa in mai ita ne ya buɗe da hannunsa. Amma mai karatu ya lura da kyau: tambayar suna da kalmar sirri har yanzu ba ta zuwa a kunne ga wanda ya girka ta da kansa. Shi ne zai shiga fayil ɗin saiti, mai suna mongod.conf, ya kunna ta, ya kuma rubuta adireshin da ya yarda a saurara. Abin da na sha ji shi ne, yaro yana son ya yi aiki daga gida da dare, sai ya buɗe ƙofar ga kowa da niyyar zai rufe gobe. Goben nan ba ta zuwa. Kamata ya yi kowace manhaja da kowane ma'aikaci a ba shi mabuɗinsa daban, mai iyaka: mai karɓar kuɗi ya ga lissafi, kada ya ga sakamakon gwaji; mai duba rahoto ya karanta, kada ya iya gogewa. Sa'an nan a sa katangar tsaro a gaba, a kuma mai da zirga-zirgar bayanan rubutun ɓoye, don kada mai laɓe a hanya ya karanta.

Wannan ba batun son rai ba ne kuma a ƙasar nan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ce in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni cikin sa'a 72. Bayanan lafiyar mutum kuwa suna cikin waɗanda dokar ta ba kulawa ta musamman.

An rufe ƙofa, saura mai gadi. Rumbun bayanai ba ya faɗuwa rana ɗaya, yakan daɗe yana nishi kafin ya kwanta, sai dai in ba mai saurare. Manhajar takan keɓe wa kanta wajen rabin ƙwaƙwalwar aikin na'ura don ta riƙe takardun da aka fi nema kusa da hannu. Ran da takardun suka fi ƙarfin wurin, sai ta koma kai-da-kawowa zuwa faifai, aiki ya yi nauyi, ma'aikata su fara cewa yau intanet ba kyau, alhali kuwa intanet ba ruwansa. Kazalika tana rubuta duk tambayar da ta ɗauke ta fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a littafin rahotonta. Mai duba wannan littafi zai tarar sau da yawa laifin rashin fihirisa ne: an ce ta nemo mutum da lambar wayarsa, ba a yi mata jerin lambobin waya ba, sai ta buɗe ambulan dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yan kayan aiki kyauta, mongostat da mongotop, masu nuna abin da take ciki daƙiƙa bayan daƙiƙa. Amma ni a ganina duk wannan bai kai muhimmancin abu guda ba, watau ƙararrawar da za ta buga a wayar mutum mai rai in faifai ya kusa cika, ko in kwafin daren jiya bai samu ba. Allon da ke nuna zane-zane masu launi a ofishin da aka kulle tun magariba ba gadi yake yi ba, ado ne.

Game da ɗaukewar wuta, wadda ba sai na yi wa ɗan Nijeriya bayaninta ba, manhajar tana da dabara. Kafin ta shigar da kowane canji a babbar ajiya, takan fara rubuta shi a wani ɗan littafin gefe, kamar yadda ɗan kasuwa kan rubuta ciniki a takardar aljihu kafin ya kwafe shi a babban littafi da yamma. Duk minti guda takan daidaita babbar ajiyar. In wuta ta ɗauke ba sallama, da ta dawo sai ta bi littafin gefen ta cike gurbin. Wannan yana maganin yankewar wuta, amma ba ya maganin wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙone faifan.

Don haka ne masana suka ce kada a dogara da na'ura guda, a haɗa aƙalla uku su zama ayari. Ɗaya ita ce madugu, ita kaɗai ke karɓar sabon rubutu, sauran suna biye suna kwafar duk abin da ta yi daga wata rajistar aiki. Duk daƙiƙa biyu suna gaisawa don a san kowa na nan. In aka yi daƙiƙa goma ba a ji ɗuriyar madugu ba, sauran sai su yi zaɓe su naɗa sabo, aiki ya ci gaba, mai yiwuwa ma'aikata ba su ma lura ba. Dalilin da ya sa ake son adadinsu ya zama mara, uku ko biyar, shi ne don a sami rinjaye a zaɓen. Rajistar aikin nan tana da iyaka, bisa al'ada kashi 5 cikin 100 na sararin da ya rage a faifai, kuma in ta cika sabon rubutu yana taka tsoho. Saboda haka in ɗan ayari ya yi kwana da kwanaki a kashe, yana iya dawowa ya tarar sawun da zai bi ya shafe, tilas a sake cika shi daga tushe. Tazarar da ke tsakanin madugu da mabiyansa tana cikin abubuwan da mai gadi zai riƙa sa wa ido.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke ruɗuwa, har da masu takardun shaida. Sai mutum ya ce ai ni na'ura uku gare ni, me zan yi da wata ajiya? Ya manta cewa 'yan ayarin nan biyayyarsu ba ta da tambaya. In ma'aikaci ya yi kuskure ya ba madugu umurnin share fayil ɗin majiyyata duka, kafin ya ɗauke hannunsa daga kan madannai sauran biyun sun share nasu. In ɓarawo ne ya shigo, haka. Ayari yana kare mutum daga mutuwar na'ura, ba ya kare shi daga kuskuren ɗan Adam ko muguntarsa. Akwai dabarar sa ɗaya daga cikinsu ya riƙa bin baya da gangan, misali da sa'a guda, don a sami damar tare ɓarna kafin ta iso shi. Dabara ce mai kyau, muddin an gano ɓarnar cikin sa'ar.

Ajiyar ko-ta-kwana ta gaskiya ita ce kwafin da aka yanke daga jikin rumbun, aka kai shi inda hannun da ya ɓata na farko ba zai kai ba. Ƙaramin rumbu ana kwashe shi da mongodump, a mayar da mongorestore, kuma in ana aiki lokacin kwasar akwai zaɓin da ke haɗawa da rajistar aiki, don kwafin ya tsaya daidai a kan lokaci guda, kada rabinsa ya zama na ƙarfe biyu rabi na biyu da kwata. Babban rumbu kuwa an fi ɗaukar hoton faifansa dungurungum. Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh: kwafi uku, a kan ma'ajiyi iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Wannan na ƙarshe shi ake rainawa. A daren 10 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, ta taɓa na kusa da shi. Wasu abokan cinikin kamfanin da suka biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana sai a ranar suka gane cewa ajiyar tasu a gini ɗaya take da na'urarsu. Manomin da ya gina rumbunsa biyu jikin juna, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Amma labarin da na fi so kowane mai wannan sana'a ya haddace shi ne na GitLab, kamfanin da dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa. Su ba MongoDB suke amfani da shi ba, PostgreSQL ne, rumbu irin na rajista, amma ciwon ɗaya ne. Ranar 31 ga Janairu na 2017 wani injiniyansu, bayan ya daɗe yana fama da wata matsala cikin dare, ya ba da umurnin share wata ma'ajiya yana zaton a kan na'ura ta biyu yake, ashe a kan madugu yake. Kafin ya ankara ya tsayar, daga wajen gigabayit 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Aka ce ba kome, ai akwai hanyoyin ajiya har biyar. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi aikin da aka zata. Kwafin da ake yi kullum ya daɗe da tsayawa, saboda kayan kwasar na tsohuwar fitowa ne, 9.2, rumbun kuwa ya koma 9.6. Na'urar tana aika wasiƙar gargaɗi duk sa'ad da ta gaza, amma wasiƙun ba sa isa, ana mai da su a hanya. Hoton faifai kuma ba a kunna shi ga na'urorin rumbun ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniyan ya ɗauka da hannu wajen sa'a shida kafin tsautsayin, don wani gwaji dabam. Mayar da shi ya ci kimanin sa'a 18, aikin sa'a shida kuma ya tafi har abada, ciki har da ayyukan jama'a wajen 5,000 da sababbin masu rajista wajen 700.

Abin da ya burge ni da su shi ne ba su ɓoye ba. Sun buga bayanin kuskurensu dalla-dalla, har aikin gyaran ma sun nuna shi kai tsaye a YouTube, ba su kuma ɗora wa injiniyan laifin shi kaɗai ba. A wurare da yawa da na sani, da yaron aka fara kora, a bar ramin yadda yake yana jiran na gaba.

Darasin GitLab da na akwatin da ke ƙarƙashin teburin ƙanen abokina duk wuri ɗaya suka nufa. Kowa yana tambaya, ana yin kwafi? Ba mai tambaya, an taɓa mayar da shi an gani? Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, sai a sa rana, ko sau ɗaya a wata, a ɗauko kwafin jiya a zuba shi a wata na'ura dabam, a ƙirga takardun a gwada da na ainihi, a buɗe fayil ɗin mutum goma a karanta, a kuma duba agogo a rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. A mayar da fihirisa ma yana cin lokaci, domin mongodump ba ya kwasar ta, bayaninta kawai yake ɗauka, sai an sake gina ta. Matakan kuma a rubuta su a takarda, ta yadda ran da mai kula da rumbun ya tafi ganin gida, wani zai iya bi.

Akwai tambaya biyu da ba na yaron kwamfuta ba ne, na mai gida ne, ko shugaban asibiti ne ko na makaranta ko na ƙungiyar 'yan kasuwa. Aikin sa'a nawa za mu iya jure asararsa? Sa'a nawa za mu iya zama a tsaye kafin a gyara? Wanda yake kwafi sau ɗaya a dare ya riga ya amsa ta farko ko bai sani ba: ya yarda ya rasa aikin yini guda cur. Ga mai sayar da atamfa wannan ba wani abu ba ne, a sake rubutawa daga rasit. Ga asibitin da aka yi wa mutum arba'in gwajin jini tun safe, magana ta sha bamban. Amsar kuwa kuɗi ce, shi ya sa tilas mai sa hannu a takardar kuɗi ya san da ita.

Bayan mako biyu na sake bi ta asibitin. Ƙanen abokin nawa ya kai wa Likita maganar, ya ce da farko Likita ya ɗauka dabarar neman sabuwar kwamfuta ce, sai da ya kira shi ya nuna masa fayilolin fankon da idonsa. An sayi faifai biyu, ana musanya su kowace Juma'a, ɗaya yana kwana a gidan Likita, bayanan ciki kuma a rubutun ɓoye suke saboda ko da faifan zai ɓace a hanya. Ya yi gwajin mayarwa na farko ranar wata Asabar a kan tsohuwar kwamfutar ɗakin magani. Ya ce ya zaci minti talatin zai yi, sai da ya kai sa'a uku da rabi, kuma a nan ne ya gano hotunan ƙirji da na duban ciki ba sa cikin rumbun ko kaɗan, a wata ma'ajiya dabam manhajar asibitin take zuba su, wadda ba a taɓa kwafarta ba ko sau ɗaya tun da aka daina katin kwali. Na'ura ta biyu da ta uku kuwa, Likita ya ce a bari sai an shiga sabuwar shekara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.